Kafin ka ce wa mai gida ga intanet ɗin da zai saya

Ka tambaye ni me ya sa ba na nuna wa mai gida kamfanin da ya fi gudu kawai a wuce wurin, tunda wannan ya rubuta megabit 100 a kwalinsa, wancan kuma 20. A ganinka mai ɗari ya cinye. To ɗana, gyara zama.

Lambar nan ta kan kwali iyaka ce, ba alkawari ba. Rawuta mai sim, wato na'urar da ke raba intanet a gida, daga ƙarfen sabis take sha, kuma duk unguwa ƙarfen nan ɗaya suke rabawa. Kamar famfon unguwa ne: da hantsi kai kaɗai, jarka ta cika nan da nan, da yamma kowa ya fito da bokiti, sai ɗigo. Shi ya sa gwajin ƙarfe goma na safe ba ya gaya maka komai. Ka koma bayan isha'i, lokacin da a unguwar Pantami ko Tudun Wada nan Gombe kowa ya kwanta da waya a hannu yana kallon TikTok. Abin da Speedtest, manhajar auna gudun intanet, ya nuna maka a lokacin, shi ne abin da mutumin zai zauna da shi. Kuma a gidan za ka gwada, a ɗakin da za a ajiye na'urar, da sim na kowane kamfani. Layin da ke tashi a Tumfure yana iya rarrafe a Jekadafari. Ba a yanke hukunci daga shago.

Sannan ka riƙe lissafin nan, don masu gida na yawan rikicewa a kai. Kamfani da megabit yake talla, waya kuma da megabait take nuna abin da take saukewa, bit takwas ne bait ɗaya. Mai megabit 40 zai ga 5 a fuskar wayarsa, ya kira ka yana faɗa an cuce shi. Ba a cuce shi ba, ka raba masa da takwas a gabansa.

Yanzu me gidan yake yi da intanet ɗin? Wannan tambayar ita ce rabin aikin. Bidiyo mai haske sosai, 1080p, megabit 5 ya ishe shi. Gida mai talabijin ɗaya da wayoyi huɗu, megabit 20 da ba ya rawa ya wadace su har da saura. Amma wanda ke koyarwa ta Zoom, ko mai ɗora bidiyo a YouTube, shi gudun ɗorawa za ka duba masa, lamba ta biyu a gwajin, wadda yawanci ta fi ta saukewa ƙanƙanta a layin sim. Sai ta uku, wadda ku yara ba kwa kallo: jinkiri, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. In ya haura miliseken 150, ko yana hawa yana sauka, za ka ji ana "kana jina? kana jina?" a kiran WhatsApp ko da gudun ya kai ɗari. Faiba, wato intanet ɗin da ake jawo wayarsa har cikin gida, a nan ba ta da na biyu, in har an ja ta zuwa layin gidan. Ka fara tambayar wannan, don ba kowace unguwa ta kai ba. Aibinta ɗaya: ranar da masu aikin kwalbati suka sare waya, sai haƙuri har masu gyara su zo.

Batun kuɗi kuwa, kar ka tsaya kan farashin wata. Yi lissafi da ni. Megabit 5 na awa ɗaya ya haura gigabait 2. Awa biyu kowane dare, a wata an doshi gigabait 135, ba a sa wayoyin yara ba. Wanda ya sayi gigabait 100 don ya fi araha zai sake saye kafin wata ya mutu. Wanda aka ce masa "ba iyaka" kuma, karanta masa ƙananan rubutun: da yawa in ka kai wani adadi sai a rage maka gudu har ƙarshen wata. Farashi ma ba ya zama wuri ɗaya. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari, don haka kullum ka duba na ranar kafin ka buɗe baki.

Starlink da kowa ke zumuɗi, intanet ɗin setilayit, tun Janairun 2023 ya shigo Najeriya, mu ne ma na farko a Afirka. Taurarinsa suna kusa, kimanin kilomita 550 a sama, shi ya sa jinkirinsa bai kai na tsohon setilayit da ke can kilomita dubu 36 ba. Ga mai gona a bayan Dukku ko makaranta a tsaunukan Tula inda sabis ke wuya, ban san abin da ya kai shi ba. Amma kayansa da tsada, kuɗin wata da nauyi, yana son sarari ba reshen darbejiya a kansa, kuma ruwan Agusta mai ƙarfi kan sa ya ɗan yanke. Ga cin wuta: babban faifan yakan ja wat 50 zuwa 100, alhali rawuta wat goma-sha ta ishe ta. In gidan ba sola da inbata, ka sa kuɗinsu cikin lissafi. Intanet ɗin da ke mutuwa duk sanda aka ɗauke wuta, me aka saya ke nan?

Wani abu kuma, sau da yawa laifin ba na kamfani ba ne. Za ka shiga gida ka tarar an cusa rawuta bayan talabijin, a ƙasa, bango uku na bulo tsakaninta da ɗakin uwargida. Ɗaga ta sama, kusa da taga mai fuskantar ƙarfen sabis. Shiga shafinta ka duba RSRP, lambar da ke nuna ƙarfin sabis ɗin da take kamawa: kusa da -80 lafiya lau, in ya gangara ƙasa da -100 a sa eriya a waje. Wayfai na 5 GHz ya fi gudu amma bango na kashe shi, na 2.4 ya fi nisa. Gida mai bene, ja waya zuwa sama ka sa na'ura ta biyu, kar ka wahalar da kanka.

Gobe in Allah ya kai mu akwai gidan da za mu duba a Federal Low-cost. Ka sa wa sim ɗin nan duka data, ka cika cajin wayar gwaji, ka taho da littafi. Kai za ka auna, da la'asar da kuma bayan isha'i, kai za ka yi wa Alhaji bayani. Ni sauraro zan yi.