Amsa kan tarihin Bluefield Orioles

Malam, ka tambaya wai ya aka yi Bluefield Orioles ta yi suna haka alhali ƙungiyar ƴan koyo ce. To ai rookie, wato matakin ƴan koyon, shi ne matakin can ƙasa a ƙwallon besbol na Amurka, nan ake kai yaran da aka ɗauka sabbi fil, wasu ma daga sakandare suka fito.

Ita Bluefield tana gasar Appalachian League ne, kuma tun 1958 take ƙarƙashin babbar ƙungiyar Baltimore Orioles har 2010, kakar wasa 53 kenan ba a rabu ba, ni dai wannan ne ya fi burge ni don ƙananan ƙungiyoyin nan canza uban gida suke kamar riga. Shahararren ɗan wasa Eddie Murray ta nan ya fara a 1973, Cal Ripken Jr. kuma a 1978, wanda daga baya ya buga wasa 2,632 a jere bai yi fashin ko ɗaya ba, kai ka ji fa. Abin dariya ma, sunan garin Bluefield na jihar West Virginia suke amsawa amma filinsu Bowen Field yana ɓangaren Virginia ne, iyakar jihohin biyu ta ratsa wajen.

A 2011 suka koma hannun ƙungiyar Toronto Blue Jays, suna ya zama Bluefield Blue Jays. Korona ta cinye kakar 2020, sai MLB, hukumar babbar gasar besbol ta Amurka, ta rage ƙananan ƙungiyoyi, daga 2021 gasar ta koma ta ɗaliban jami'a masu buga wasa lokacin hutu, yanzu Ridge Runners ake kiransu.