Tambaya Da Amsa: Ina Zan Samo Jarumin Labarina?

TAMBAYA: Salam Anti. Ina son rubuta dogon labari na jarumta, irin mai aljanu da dodanni da tafiya mai nisa, amma duk na fara sai ya koma kamar fim ɗin Turawa. Ya zan yi? Daga ƙanwarki a Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ke da kike kwana kusa da Dutsen Dala ai ba kya neman labari a waje wallahi. Tarihin Kano ya kawo Barbushe, shugaban mutanen Dala na da, shi kaɗai ke shiga wajen Tsumburbura, abin bautarsu, ya fito ya faɗa wa mutane abin da zai faru, har ya ce wani baƙo na nan tafe zai mallaki ƙasar, sai ga Bagauda ya zo, sarkin Kano na farko, wanda ake lissafa sarautarsa daga shekara ta 999 miladiyya. Duba fa, ba da takobi ya riƙe mutanen nan ba, da magana ne, abin da ya faɗa shi suke gani kamar a gabansu, to nan ƙarfin labarinki yake. Ga kuma Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura.

Ni dai shawarata ki ajiye waya ki samu kakarki da daddare, ki ce ta yi miki ga ta nan ga ta nanku, ki lura da inda take jan numfashi kafin Dodo ya fito, da waƙar da take sakawa a tsakiya. Ki turo min babi na farko in karanta.