Tambayi Likita: Karen yarana ya sauya hali, har ya ciji ƙaraminsu

Tambayoyin wannan makon kusan duk daga iyayen yara maza suka fito, kuma akwai guda ɗaya da ta hana ni sukuni tun da na karanta ta.

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 14 ya sami ɗan kumburi a ƙarƙashin kan nononsa na hagu, yana yi masa zafi in an taɓa. Daga Maman Abba, Jega.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, aikin balaga ne, kuma yakan baje da kansa tsakanin wata shida da shekara biyu. Kada a matse, kada a gasa masa da wani abu mai zafi. Idan ya ci gaba da girma ko ruwa ya fara fita, a kai shi asibiti.

Tambaya: Kyanwarmu ta daina cin abinci, yara sun ce a ba ta rabin farasitamol. Daga wata uwa, Argungu.

Amsa: Kada ki kuskura. Hantar mussa, kamar yadda muke kiranta a nan, ba ta iya sarrafa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. A kai ta asibitin dabbobi.

Tambaya: Likita, yarana maza uku suna da karen da suke zuwa farauta da shi. Kwana huɗu ke nan ba ya cin abinci, yana dalalar da yawu, yana ɓuya a ƙarƙashin rumbu, yana cizon itace. Shekaranjiya ya ciji ƙaramin, mai shekara 8, a wuyan hannu, amma ciwon kaɗan ne. Maƙwabta sun ƙona gashin karen an shafa masa tokar, har wurin ya bushe. Wane magani zan ba karen? Daga wani uba, Kamba.

Amsa: Malam, ka tambaye ni maganin kare, ni kuwa yaron ne ya tayar mini da hankali. Ka ajiye abin da kake yi, ka kai shi asibiti yau, ba gobe ba. Alamun da ka lissafa, wato sauya hali, dalalar yawu da cizon abin da ba na ci ba, su ne muke gani a ciwon haukan kare. Ba zan iya tabbatarwa daga nan ba, amma wannan cuta ce da ba a jira a tabbatar kafin a ɗauki mataki.

Ƙwayar cutar tana cikin yawun karen. Idan ta shiga jiki ba ta zama a bakin ciwon, jijiya take bi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, tafiyar da galibi takan ɗauki wata biyu zuwa uku, ko da yake takan zo cikin mako guda ko ta kai shekara. Saboda haka bushewar ciwon da ka gani ba ta nuna komai ba, fata ce kawai ta rufe. Ranar da yaro ya fara zazzaɓi da firgita, ya ga ruwa a kofi maƙogwaronsa ya shaƙe ya kasa haɗiya, to a ranar an makara, domin da wuya ƙwarai a sami wanda ya tashi daga wannan matakin. A nan ne iyaye suke cewa iskoki ne, a yi ta yawo da yaro gidajen masu magani, kuma babu wanda yake tunawa da ɗan cizon da aka yi tun kafin damina.

Maganar tokar gashin kare kuwa ta ishe ni. Na ga wanda aka shafa wa toka, na ga na barkono, na ga na ruwan batir, kuma babu ɗaya da yake taɓa ƙwayar cutar, sai dai ya ƙara wa ciwon datti ya buɗe hanyar sandarewar wuya da muke kira tetanus. Mutane suna cewa ai an yi wa wane ya warke. Wane ya tsira ne saboda karen da ya cije shi ba mahaukaci ba ne tun farko. Abin da yake aiki a gida shi ne sabulu da ruwa mai gudana, a yi ta wanke wurin har minti 15 ana duba agogo. Ko yanzu a wanke masa, sannan a kama hanya.

A asibiti za a fara masa allurar rigakafi a ranar da kuka je, a maimaita a rana ta 3 da ta 7, sannan a cike sauran kamar yadda likitan ya rubuta muku, kuma tun da haƙori ya huda fata za a duba yi masa wata allurar a kewayen ciwon. Na san akwai tsada, na kuma san ba kullum ake samunta a ƙananan asibitoci ba. Idan ba a samu a kusa ba, ku wuce Birnin Kebbi, Asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya, kada ku koma gida ku zauna. Addu'a a ci gaba da yi, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Sauran yayyensa biyu, ka zaunar da su ka tambaye su cikin lalama, ba da bulala a hannu ba. Yaro yakan ɓoye cizo ko yakushi don tsoron duka, ko don kada a kashe masa kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi take ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Duk wanda karen ya yakusa, ko ya lashi wani ciwo a jikinsa, shi ma a tafi da shi.

Shi kuwa karen, kada yaro ya sake matsarsa, ko da sunan ba shi ruwa. A rufe shi, a kira ma'aikatan lafiyar dabbobi. Idan ya mutu kada a sayar da namansa ko a jefar da shi a bola, domin ana iya aika kansa Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom a Jihar Filato a gwada. Za ka ji an ce a sa wa kare ido kwana goma. Haka ne, amma ana lura da shi ne alhali yaro ya riga ya fara karɓar allura. Wanda duk yake da kare a gida ya yi masa rigakafi tun yana wata uku, a kuma riƙa sabuntawa duk shekara.

Tambaya: Ɗana mai shekara 12 yana ganin jini a ƙarshen fitsari. Kakarsa ta ce girma ne ya zo. Daga wani uba, Yawuri.

Amsa: Malam, a gaya wa Inna cikin ladabi cewa namiji ba ya balaga da jini. Tsargiya ce, tsutsar da dodon koɗi yake saki a ruwa, take huda fatar yara masu wanka a gulbi ko aiki a fadamar shinkafa. Maganinta praziquantel ne, ana ba da shi gwargwadon nauyi ko tsawon yaro. Idan aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda, don haka a kai shi a gwada fitsarin, a tafi da 'yan'uwansa da suke shiga ruwa tare.

Tambaya: Yarana biyu sun yi makero a ka, an ce in shafa man birki. Daga Maman Sadiƙu, Bagudo.

Amsa: Man birki na mota ne, Hajiya, ƙona fatar kan zai yi. Makeron ka ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an sha magani na mako shida zuwa takwas, kuma likita ne zai rubuta. A raba musu hula da tawul, a saya musu injin aski nasu, sannan idan akwai kyanwa a gidan a duba ko gashinta yana zubewa, domin takan sa wa yara.