Amsa ga yarona kan robar sabulun bangon banɗaki

Ka tambaye ni, ɗana, ko gaskiya ne baƙin manyan otal-otal ba sa ƙaunar robar sabulun nan da muke kafawa a bango, wadda ake sake cikawa idan ta ƙare. Na so in ƙyale ka, domin ku yaran yanzu kun fi son a tauna a ba ku a baki maimakon ku tsaya ku kalli hannun maigida, amma tambayarka ta fama mini tsohon miki.

Abin ya kankama ne a 2019, lokacin da kamfanin otal-otal na Marriott ya sanar da daina ajiye ƙananan kwalaben shamfu a ɗakunan baƙi don komawa ga manyan robobi, yana mai cewa hakan zai rage kwalabe kusan miliyan 500 da ake zubarwa a bola kowace shekara. Wasu baƙin sun yaba, wasu kuma suna kewar 'yar tsarabar da suke jefawa a jaka. Amma wanda ya biya kuɗi masu yawa, abin da ya fi damunsa shi ne wane ne ya buɗe robar kafin zuwansa, kuma me aka zuba a ciki.

A wani otal da ke Victoria Island a Legas na karɓi aikin ɗakuna sittin. Na ce wa manajan a sayi mai makulli, a kuma huda tayil a ɗaure da noti, ya ce tayil ɗinsa daga waje aka kawo, don haka in liƙa da gam, kuma ya zaɓi mai arha marar makulli. Na yarda da baki, ban sa ya rubuta ba, kuma wannan shi ne kuskurena. Damina na sauka, danshin Legas da tururin ruwan zafi suka saki gam ɗin, robobi suka riƙa faɗowa cikin dare. Da na buɗe ɗaya, sai na tarar an tsinka sabulun da ruwa har ya yi tsami, bakin famfonsa kuma ya yi baƙi. Baƙi suka yi ƙorafi, manajan nan ya dubi tsabar idona ya ce aikina ne ba shi da kyau, ya riƙe rabin kuɗina. Sau huɗu ina tasowa daga Agege cikin cunkoso, mai gadi yana ce mini oga ba ya nan. Ni da na yi shekaru a sana'ar nan ba a taɓa mayar mini da aiki ba!

Yadda ake awo da huda ba zan ɓata bakina a kai ba. Gobe a Ikeja, kada ka taɓa bango sai ka ga makullin robar a hannunka da sa hannun manaja a takarda.