Tambaya daga Kerala: akwai jimlar da ba ta da aikau, wato mai yin aikin?

Wani ɗan'uwa da ke karatu a jihar Kerala ta kudancin Indiya ya turo tambaya, ya ce Malam, a yaren Malayalam da ake yi a can mutum sai ya ce "vannu" kawai, wato an yi zuwa, ba tare da ya faɗi wa ya zo ba, wai mu ma muna da irin wannan a Hausa?

To ɗan'uwa Allah ya ba da sa'ar karatu. Malayalam dangin Tamil ne, masu jin sa sun haura miliyan 30, kuma ɗaya daga cikin wuraren da ya rabu da Tamil shi ne aikatau ɗinsa, wato kalmar aiki, ba ya nuna wa ya yi aikin. Njaan vannu na zo, avan vannu ya zo, avar vannu sun zo, duk vannu ɗin nan ce ba ta canzawa, don haka in aka cire aikau sai dai zancen da ake ciki ya gaya maka ko wane ne.

Mu a Hausa ba haka ba ne. Kana iya cire Audu daga "Audu ya zo" amma "ya" ɗin nan tana nan daram, in ka cire ta jimlar ta rushe, sai dai a umarni kamar "zo", ko irin su akwai da babu. Idan Bahaushe ba ya son ambaton mai aiki sai ya sa "an" ko "ana" ko "a" a gurbin, an zo neman ka, ana ruwa. Wallahi wannan "an" ɗin tana burge ni sosai, ita ce jarin karin magana, duba "ba a fafe gora ranar tafiya", ba a ce wane ba, kowa ya shiga ciki. Ita ce kuma makamin habaici, uwargida tana tsakar gida tana tankaɗe ta ɗaga murya ta ce "an dai ci moriyar ganga an ya da kwaurenta", ba ta kama sunan kowa ba amma maigida da ke ɗaki ya san da shi ake.

Akwai wani abu kuma da za ka riƙa ji a can kullum, enikku vishakkunnu, wato yunwa nake ji, amma enikku ba "ni" ba ce, "gare ni" ce, haka suke yi da so da sani da jin sanyi, kuma masana sun daɗe suna jayayya kan ko wannan enikku aikau ce ko a'a. Hausa ta bi wata hanya, ta ba yunwar kanta matsayin aikau, yunwa ta kama ni, barci ya ɗauke shi. In kana koyon yarensu ka kiyaye nan, kar ka ce njaan a wajen yunwa, enikku za ka ce.