Wane Linzami Zan Saya Don Wasan Kwamfuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Ina da laftof ta hannu da nake karatu da ita, da daddare kuma mukan buga wasannin harbi na Counter-Strike 2 da Valorant da abokai. Linzamin da nake amfani da shi na ofis ne, wanda aka haɗo min da kwamfutar. In na juya da sauri sai in ga mutumina na cikin wasan yana kallon sama, kafin in dawo da shi an harbe ni. Na je kasuwa, mai shago ya nuna min wani mai fitilu kala-kala, an rubuta DPI 7200 a kwalinsa, ga araha. Ya kuma nuna min Logitech G102, wanda kuɗinsa ya kusa ninka na farkon. Abin da na tara ba shi da yawa. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wannan kallon sama da ka ambata shi ne ainihin ciwon, kuma yawan DPI ba ya maganinsa. Kifa linzaminka ka duba cikinsa. Ɗan ramin nan da ke tsakiya ido ne, wata 'yar mitsitsiyar kyamara da ke ɗaukar hoton teburi sau dubbai a daƙiƙa guda, tana gwada na yanzu da na baya, ta haka take gane inda hannunka ya dosa. Idon linzamin ofis an yi shi ne don hannun da ke tafiya a natse. Da ka fizge shi kamar mai korar ƙuda, hotunan biyu ba su da sauran kama da juna, sai idon ya rikice ya kai wa kwamfuta labarin da ba haka yake ba. Nan ne mutuminka yake ɗaga kai sama. Kuma galibin masu fitilun nan na araha irin wannan idon ne a cikinsu, riga kawai aka sake musu.

Bari in warware maka zancen DPI, don da shi ake cinye kuɗin yara a kasuwa. Lamba ce da ke nuna nisan da kibiyar allo za ta yi idan ka matsa linzami inci guda. Allon da ke da ɗigo 1920 a faɗinsa, in ka sa DPI 800, tafiyar santimita shida ta ishe ka ka ƙetare shi daga wannan gefe zuwa wancan. In ka sa 7200, tafiyar ba ta kai milimita bakwai ba. Yanzu ka yi tunanin kana neman kan abokin gaba da ya leƙo ta bayan akwati, kan da bai fi ƙwayar gero ba a allonka, alhali ɗan rawar yatsa ta isa ta jefa ka can wani gefe. Shi ya sa da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan Counter-Strike, waɗanda da wasan suke cin abinci, ba sa wuce 400 ko 800. G102 ɗin ma yana kaiwa 8000, amma ba don wannan na fi son sa ba. Na fi son sa ne don idonsa ba ya ɓacewa idan an fizge shi.

Don haka tsakanin biyun da aka nuna maka, ɗauki G102. Sayen nagari mai da kuɗi gida. Amma kada ka miƙa kuɗi sai ka ɗora hannunka a kansa, don a nan ne maganar da ta fi damuna take.

Na yi shekaru ina gyaran kwamfuta a wani shago a Kano, muna kuma da 'yan injina a ɗakin baya da samari ke zuwa wasa da yamma. Abin da na gani da idona shi ne, linzami kamar takalmi yake. Akwai wani yaro dogo mai manyan hannuwa da yake zuwa kullum bayan la'asar. In ya yi awa guda sai ya riƙa sakin linzamin yana yarfe hannu, yana matsa wuyan hannunsa. Na tsaya a bayansa wata rana na lura: ɗan ƙaramin linzami ne a ƙarƙashin ƙaton tafi, ƙaramin yatsansa yana jan teburi, sauran yatsun sun ƙudundune don su sami wurin zama. Na ɗauko masa Razer DeathAdder, mai tudun baya, wanda tun 2006 ake yin irin siffarsa. Tafinsa ya kwanta a kai ɗaf, kamar don shi aka ƙera. Yarfe hannun ya ƙare daga ranar. Ƙaninsa kuwa, mai ɗan siririn hannu, da ya gwada wannan ɗin sai ya ce kamar an ba shi ƙwarya ya riƙe, ya koma kan ƙaramin.

To ka auna kanka. Samo rula, ka auna daga layin wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya. A lissafin da nake yi wa mutane, ƙasa da santimita 17 ƙaramin hannu ne, 17 zuwa 19 matsakaici, abin da ya haura haka babba. Sannan ka lura da yadda kake riƙo ba tare da ka shirya ba. Wani yakan kwantar da tafin gaba ɗaya. Wani yakan lanƙwashe yatsu kamar faratan shaho, gindin tafin kawai ke taɓa bayan linzamin. Wani kuma da kan yatsu kaɗai yake tuƙi, tafin yana sama. Tsawon G102 bai kai santimita 12 ba, nauyinsa giram 85, ya dace da ƙarami ko matsakaicin hannu, musamman mai lanƙwashe yatsu. In hannunka babba ne kuma mai kwantar da tafi ne kai, nemi DeathAdder Essential, shi ma na masu ƙaramin ƙarfi ne. In bahago ne kai ka kula, don siffar DeathAdder da aka saba gani ta hannun dama ce, shi kuma G102 ɓangarorinsa daidai suke amma maɓallan gefensa biyu suna wajen babban yatsan dama.

Nauyi ma abin dubawa ne ga irin wasanka. Mai buga wasan harbi da ƙaramin DPI yakan ɗaga linzami ya mayar da shi tsakiya ba adadi a dare guda, kowane giram kuma wuyan hannu ne ke biyansa. Logitech G502 linzami ne mai kyau, mai maɓallai da yawa, amma giram 121 ne tun kafin a saka masa 'yan ƙarafan ƙarin nauyi da ke zuwa da shi. G Pro X Superlight da ya fito a 2020 bai wuce giram 63 ba, sai dai kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne. Akwai kuma masu huji-huji a baya kamar saƙar zuma, da aka yi don rage nauyi. A ƙasarmu ba na ba da shawararsu. Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta cika cikinsu, in bazara ta zo kuma gumin tafi ya bi ta ramukan ya sauka kan allon wutar, wato faifan kayan lantarkin da ke cikin linzamin.

Za ka ga wata lamba kuma a kwali, mai Hz a gabanta. Ita ce sau nawa linzami ke sanar da kwamfuta inda yake a daƙiƙa. Na ofis yawanci 125 ne, na wasa 1000, kuma 1000 ɗin ya wadatar. Masu Hz 8000 ƙarin aiki ne kawai ga laftof irin taka, wadda mai yiwuwa allonta sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa.

Yanzu gargaɗi, kuma ka riƙe shi da kyau: G102 na cikin linzaman da aka fi yi wa jabu. Ni kaina an taɓa kawo min guda huɗu daga wajen wani dillali, kwali tsaf, tambari tsaf. Da na jona na farko na buɗe manhajar G HUB ta kamfanin, ba ta gan shi ba sam. Na kwance shi, sai ga ɗan guntun allon wuta da ido irin na ofis, da wani ɗan ƙarfe da aka liƙa a ciki don ya yi nauyi a hannu. Don haka ka sauke G HUB a laftof ɗinka tun daga gida, ka tafi da ita shagon. Ka jona a gaban mai kayan. In manhajar ta nuna sunan linzamin ta ba ka damar sauya DPI, to alama ce mai ƙarfi cewa na gaske ne. Sannan ka shimfiɗa shi ka fizga dama da hagu da ƙarfi, ka ga ko kibiyar tana bin hannunka. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba zai hana ka wannan ba. Wanda ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ka yi masa sallama ka shiga shagon gaba.

In ka dawo gida, ka shiga saitin linzami a Windows ka cire alamar da ke kan Enhance pointer precision, don tana sa nisan kibiya ya riƙa sauyawa da saurin hannunka, hannu kuwa ba ya koyon abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka sa DPI 800, ka rage saurin juyawa a cikin wasan, ka haƙura da shi mako biyu kafin ka sake taɓawa. In canji ya ragu, sayi shimfiɗar linzami ta yadi mai faɗi. Teburin gilashi ko mai sheƙi yana ruɗa ido komai kyansa.

TAMBAYA: Malam, ni a Maraɗi nake. Wayar linzamina takan sarƙe da kayan teburi, ina son marar waya, amma an ce yana jinkiri a wasa. Gaskiya ne?

AMSA: Ɗan'uwa, iri biyu ne. Mai Bluetooth yana da jinkirin da ɗan wasan harbi zai ji a hannunsa, ka bar shi ga aikin ofis. Mai ɗan tsinken USB nasa na kansa, in na wasa ne daga kamfanin kirki, ba za ka bambanta shi da mai waya ba. Logitech G305, wanda a wasu kasuwanni ake kira G304, batir ɗaya na AA yake ci, kamfanin ya ce yana kai awa 250, kuma irin batirin da za ka samu a kowane tebur ne. Ka jona tsinken a gefen da linzamin yake, kusa da shi. Ranar tafiya kuma ka mayar da shi ma'ajinsa da ke ƙarƙashin murfin batir, don ya fi saurin ɓacewa fiye da komai a jaka.

TAMBAYA: Linzamina na wasa ya shekara biyu, yanzu in na danna sau ɗaya sai ya yi sau biyu. In jefar?

AMSA: A'a, kada ka jefar. Ƙarƙashin maɓallin akwai ɗan makunni mai siririn ƙarfe a ciki, shi ne ya gaji ko ya yi datti. Ana sayar da irinsa, kuma ƙafa uku kawai gare shi a kan allon wutar. Duk mai gyaran waya da ya iya liƙi da dalma zai cire tsohon ya dasa sabo. Ka dai ja masa kunne ya ɓamɓare 'yan santsin da ke ƙasan linzamin a hankali, don sukurorin suna ɓoye a ƙarƙashinsu, kuma in suka yage linzamin zai riƙa kartar shimfiɗa.