Tambaya da Amsa: Masu daji a Finland na son motar sare bishiya kuwa?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗan katako ne a Na'ibawa nan Kano. Na ga wani bidiyo a Facebook, wata mota mai dogon hannu ta cafki bishiya ta yanke ta, ta zage rassan ta gunduwa ta kafin ka ce kwabo, aka ce a Finland ne kuma dajin na mutane ne ba na gwamnati ba. To su masu dajin suna yarda a shigar musu da wannan dodon?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Suna yarda mana, ai kusan duk itacen da ake kai wa kamfanoni a Finland yanzu inji ne ke sare shi. Motoci biyu ne ke aikin, wadda ka gani ita ke yanka ta auna ta datse, ɗayar kuma ta bi baya tana lodi zuwa bakin titi. Kamfanin Ponsse da aka kafa a 1970 a garin Vieremä na cikin manyan masu ƙera su.

Kusan kashi 60 cikin 100 na dajin ƙasar a hannun iyalai yake, galibi gado ne, kuma da yawan magadan sun tsufa ko sun koma birni, to wa zai ɗauki zarto ya shiga ƙanƙara? Shi ya sa mafi yawa a tsaye suke sayar da itacen, mai saye ya kawo motocinsa, kwamfutar da ke cikin motar ta auna kowane gungume, da wannan awon ake biyan mai daji. Kai da ka san rigimar awo a kasuwa ka san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma fa suna ƙorafi sosai, kuma ni a ganina da gaskiyarsu. Motar lodin nan nauyi gare ta, in ƙasa ta jiƙe sai tayoyi su bar kwari mai zurfi su murƙushe saiwoyi, ga goge ɓawon bishiyoyin da aka bari, wanda ta nan ruɓa ke shiga, mutum ya yi shekaru yana rainon bishiya ƙarshe a tsaga a tarar cikinta ya lalace. Shi ya sa da yawa suka fi son a yi musu aikin da hunturu lokacin da ƙasa ta daskare, in kuma lokacin zafi ne sai a fesa wa kututturen magani, har takin yuriya ana amfani da shi. Tun 2014 doka ta ba mai daji damar ya ce a tsinci manyan kawai a bar ƙanana, kuma nan ne direba mara gwaninta ke ɓarna, don haka za ka ji suna tambayar waye zai tuƙa kafin su sa hannu.

Itacen hura wuta na gida kam, har gobe da yawansu da ƙaramin injin hannu suke yankan abinsu.